Ba A Juya Wa Wanda Ya Faɗi Baya

Sunana Sani, ɗan mahauta ne ni daga wajen Ƙauran Namoda. A gida in ka ce Sani sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Gatari ko yaro ya nuna maka ƙofarmu. Dambe gadonsa na yi, kamar yadda na gaji fawa. Yadda 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauye, da yadda na ratso ƙasashe har na faɗo Amurka, wannan wani miki ne daban, ba yau zan fama shi ba. Abin da zan ba ku labari shi ne yadda mutumin da bai taɓa ja da baya a fage ba ya koma yana firgita da ƙarar takalmi a bayansa.

Zangona na farko wani ɗaki ne a unguwar Morris Heights, kusa da inda jirgin ƙasa yake bi ta saman kan mutane. In ya wuce har kofin shayi sai ya yi rawa. Wani mutumin Maraɗi, Isufu, shi ya ba ni katifa da tsohuwar rigar sanyi, Allah ya saka masa. Shi ya fara yi mini huɗuba, yana ce mini "mon frère", wato ɗan uwana da Faransanci.

"Mon frère, garin nan ba a kallon mutum cikin ido, ba a gaisuwa a lifta, ba a rabon faɗa. Ka ga ana yi, sa kai ka wuce."

Na yi dariya na ce, "Isufu, ai ni ake gani a kauce."

Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Dariyar ba ta yi nisa ba. Ya raka ni unguwar Harlem wajen lauyar da za ta riƙe mini shari'ar neman mafaka. Barista Bilkisu sunanta, 'yar Zariya, siririya mai gilashi, amma in ta buɗe baki sai ka gyara zama. Ina ba ta labarina tana rubutu, sai idonta ya sauka kan hannuna na dama, inda tsagar magani take a jere.

"Malam Sani, wannan fa?"

Na ce, "Dambe ne, ranki ya daɗe."

Ta ajiye biro. "To ka saurare ni da kyau. Shari'arka tana gaban alƙali, kuma za ta daɗe. In aka kama ka da laifin duka, ko kai ke da gaskiya, ka ɓata ruwan da muke so mu sha. Matarka da 'yarka ba za su zo ba, kai ma ana iya sa ka a jirgi a mai da ka gida. Wuƙa ma kada ka kuskura ka sa a aljihu."

"In aka tare ni fa?"

"Ka ba su abin da suke so."

"In mari ne?"

"Ka shanye."

Kai! Na fito ina jin hannun nan ya yi mini nauyi. Hadiza matata tana Gusau wajen 'yan uwanta, da 'yarmu Nana wadda na baro tana rarrafe. Abin da na taho da shi daga hannun Hadiza hula ce guda, ita ta ɗinka da allura tana da cikin Nana. Sanyin garin nan ba ya barin mutum ya sa irin hularmu, don haka a ninke take kullum a aljihun ƙirjina. Ranar na dafa ta na ce, Gatari, an ɗaure ka ba da igiya ba.

Zango na biyu shagon nama ne a Tremont, na wani Alhaji ɗan zangon Kumasi. Bakinsa zuma, "ɗan uwa" kaza, "ɗan uwa" kaza, amma ya mai da ni jaki. Ni ne yanka, ni ne wanki, ni ne dako daga ɗakin ƙanƙara, har yatsuna suka daina jin wuƙa. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Kai da ba ka da takarda?" Matarsa ce mai tausayi, takan ɓoye mini tuwo da miyar kuka a bayan kanta. Ranar da izinin aikina ya fito ko sallama ban yi wa Alhaji ba. Isufu ya haɗa ni da keke mai batir, na shiga kai wa mutane abinci gida-gida.

A nan tsoro ya same ni. Da rana tsaka, ana ta hada-hada, samari uku suka tare ni a bakin wani gini. Na gabansu yana da zanen tsuntsu a wuya, shi ya sa har yau Mai Tsuntsu nake ce masa. Ya kama kan keken, ni kuma ban san sanda na cafke wuyan hannunsa da hagu ba, dama ta riga ta koma baya ta dunƙule. Wallahi haɓarsa a buɗe take, kwab ɗaya ya ishe shi. Ya ga abin a idona, na ga ya razana. Sai muryar Barista ta faɗo mini a kunne. Na saki.

Sakin da na yi shi ya ja mini. Don ya wanke kunyar razanar da ya yi a gaban abokansa, suka kwantar da ni suka yi ta ƙwallo da ni. Mutane suna wucewa kamar yadda Isufu ya faɗa. Da za su tafi da keken, Mai Tsuntsu ya sunkuyo ya nuna idonsa da yatsa biyu, ya nuna ni.

Haƙarƙarina ya warke, zuciyata ba ta warke ba. Na samu wani keken na koma aiki, don ciki ba ya jiran tsoro ya wuce, amma unguwa ɗaya muke da yaron. Sai in hango shi a bakin shago yana yi mini wannan alamar da yatsa. In lifta ta buɗe sai gabana ya faɗi. In oda ta shigo daga ginin da ban sani ba sai bakina ya bushe. A masallacin Tremont ma sahun baya nake tsayawa, jikin bango. Tsoron biyu ne: ina tsoron su kashe ni, ina kuma tsoron in taɓa ɗaya a cikinsu in kashe wa Hadiza da Nana hanya. In Hadiza ta kira ta ce na rame, sai in ce sanyi ne.

Zango na uku ban neme shi ba. Wata rana aka aike ni da miya wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa a Harlem. Na sauka ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, sai na tarar da takalma a jere a bakin ƙofa, ciki kuma shimfiɗa fes. Na ɗauka masallaci ne, na tuɓe takalmina na yi sallama. Ashe ba masallaci ba ne. Mutane ne cikin fararen kaya suna kama juna suna wurgarwa, babu ihu, babu kiɗa. Wani tsoho ɗan Japan, gajere, kansa fari fat, ya taso ya karɓi ledar da hannu biyu. Ya dubi ƙafata, ya dubi tabon da ke gefen idona, ya dubi hannuna. Turancinsa a guntule, nawa a karye, sai muka fahimci juna.

"Kai ne mai kawo abinci na farko da ya cire takalmi ba a ce masa ba. Kai ɗan faɗa ne?"

Na ce, "Da can."

"Yanzu fa?"

Ban san me ya sa na gaya wa baƙon ido gaskiya ba. Na ce, "Yanzu tsoro nake ji."

Ya gyaɗa kai kamar na ce masa ana ruwa a waje. "Ka dawo. A nan ba mu koyar da duka."

Aikido suke kiran abin, shi kuma Sensei suke ce masa, wato malam. Ranar farko muka fara da rigima. Kafin a fara kowa ya durƙusa ya kai goshi kusa da ƙasa. Na ce a'a, wannan goshin Allah kaɗai yake sauka wa. Na ɗauka kora ta zai yi. Sai ya ce, "A garinku yaya kuke gai da wanda kuke girmamawa?" Na russuna na dafa ƙirji. Ya ce, "Yi haka. Ba goshinka nake so ya sauka ba, girman kanka nake so ya sauka." Na ce a raina, tsohon nan zai yi wuyar sha'ani.

Wata da watanni ba abin da ya koya mini sai faɗuwa. Ku ji fa! A dambe, gwiwarka ko tafin hannunka ya taɓa ƙasa an kashe ka ke nan, makaɗa su juya kiɗa zuwa wancan ɓangare. Ni da na yi shekaru ina gudun ƙasa, ga ni ana ce mini in faɗi, in mirgina, in tashi, in gode wa wanda ya kayar da ni. Wata likita ce ma take yawan wurgar da ni, ba ta kai kafaɗata ba. In an tashi, mu duka mu ɗauki tsumma mu goge shimfiɗa, har shi Sensei ɗin. Isufu ya ce, "Mon frère, ka tsallako teku don a koya maka faɗuwa da shara?" Na ce ya bar ni, ni ma ban gane ba.

Sannu a hankali ya fara nuna mini yadda ake kauce wa wanda ya taho da ƙarfi, a bar shi ya wuce da ƙarfinsa. Yakan ce, "Wanda ya kawo maka hari ya riga ya rasa daidaitonsa, a jiki da a zuciya. Kada ka bi shi ka rasa naka." Wani lokacin kuma, "Abokin gaba na farko yana cikin rigarka." Ina jin su dai kamar wa'azi.

Ranar da na fara kayar da mutum da kyau, wani ƙaton baƙar fata ne ɗan Amurka, direban bas. Ya taho, na kauce, na juya, sai ga shi tim a ƙasa. Jikina ya tuna gida. Na juya masa baya, na ɗaga dama sama, na fara takawa kamar ina jin kalangu, har na soma kirari da Hausa. Haka ake yi a fage: ka kashe, ka juya wajen jama'arka, wanda ya faɗi nasa su zo su ɗauke shi.

Sensei ya tako a hankali. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci ba sai ranar.

"Ina kake kallo?"

Na ce, "An gama ai. Ya faɗi."

"Juya."

Na juya. Direban yana zaune yana riƙe da kafaɗa, fuskarsa a yamutse. Ashe ya faɗi a karkace ban sani ba.

Sensei ya ce, "Muna da kalma, zanshin. Zuciyar da ta rage bayan an gama. Wanda ya faɗi yana iya tashi ya cuce ka, don haka ba ka juya masa baya. Yana iya kasa tashi, don haka ma ba ka juya masa baya. Kai ka kai shi ƙasa. Amanarka ne har sai ya miƙe."

Kunya ta rufe ni. Daga ranar, duk wanda na kayar sai Sensei ya tsaya a bayana da wata sanda a hannu. Na ɗan motsa kafaɗa zan juya, sai in ji sanda a wuya, tau. Na sha ta har na gaji da sha, don abin da aka saba tun ƙuruciya ba ya fita da daɗi.

Zango na huɗu matakalar wani dogon gini ce a unguwarmu. Oda ta shigo wajen azahar, hawa na can sama, lifta ta lalace. Tun daga ƙasa jikina ya ba ni. Fitila ɗaya ce ke aiki, tana kashe ido. Na yi rabin hanya, na juya kwana, sai ga Mai Tsuntsu a tsaye a sama da ni, shi kaɗai, da wuƙa a hannu. Ashe shi ya yi odar.

Innalillahi. Na ajiye jakar abincin, na miƙa masa waya da makullin keke, na ce ya ɗauka. Ya buge su suka zube. Ba kaya ya zo nema ba, wancan kallon da na yi masa ne bai manta ba. Damata ta dunƙule da kanta. Na buɗe ta da ƙyar, yatsa bayan yatsa, ina kiran sunan Nana a zuci.

Ya taho da gudu daga sama. Ban buge shi ba, Allah ne shaidata. Kaucewa na yi, na ture hannun wuƙar ya wuce, na juya. Ƙarfinsa ya tafi da shi. Ya gangara matakalar, kansa ya daki bakin siminti, ƙarar har yau tana kunnena. Ya kwanta shiru. Jini ya fara fitowa ta bayan kunnensa.

Abin da ya zo mini shi ne gudu. Ba wanda ya gani. Baƙo mai shari'a a gaban alƙali, ɗan dambe mai tsaga a hannu, ga yaro kwance cikin jini: wa zai saurare ni? Na tsallake shi, na sauka, har na hango hasken ƙofar waje. Sai na ji wuyana ya yi tau, daidai inda sandar take sauka. Ba kowa a bayana. Na tsaya ina haki, hannuna a kan ƙarfen matakala. Na ce, ya Allah, Hadiza, ki yafe mini. Na koma.

Na ture wuƙar da ƙafa ta faɗa can ƙasa, don yana iya tashi. Na durƙusa na tallafe kansa kada ya motsa, don yana iya kasa tashi. Jinin yana bulbulowa ta tsakanin yatsuna. Na san jini, sana'armu ce, kuma wannan ba na wasa ba ne. Ba tsumma, ba komai. Na zaro hular Hadiza na danna a wurin. Kusa da shi haka na ga ashe gemunsa ma bai gama fitowa ba.

Na yi ta ihu a taimaka. Wata ƙofa ta buɗe, wata tsohuwa mai jin Sifaniyanci ta leƙo da waya a kunne. Ba a jima ba na ji jiniya, na ji takalma suna hawowa. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, ko ranar da aka shigo ƙauyenmu. 'Yan sanda suka ɓullo da bindigogi a saice, suna ihu in ɗaga hannu. In na ɗaga, jinin zai ɓalle. In ban ɗaga ba, ana iya harbi na. Na ce da guntun Turancina, "In na saki zai mutu." Suka ƙara ihu. Tsohuwar ta fito tana zuba yare tana nuna ni tana nuna yaron. Na yi kalmar shahada na rufe ido.

Sai na ji hannu mai safar roba a kan nawa. Wata 'yar sanda ce ta durƙusa ta danne hular. Ta ce, "Na riƙe. Saki." Na saki, suka kifa ni, suka sa mini ankwa.

A ofishinsu aka ajiye ni a wani ɗaki marar taga, jini ya bushe a hannuna. Na yi taimama a bango na yi la'asar a zaune. Ba abin da nake gani sai jirgi da fuskar Hadiza. Na zagi Sensei a zuciyata, na zagi sandarsa, na zagi ranar da na tuɓe takalmi a ƙofarsa.

Bayan magariba Barista Bilkisu ta shigo, ta zauna, ta cire gilashi ta daɗe tana kallona.

"Yaron yana asibiti, zai rayu. Tsohuwar nan ta ga komai ta hudar ƙofarta, ta kuma faɗa. Ba za su tuhume ka ba."

Na ce, "Alhamdulillahi."

Ta ce, "Ka san a matakalar nan babu kyamara? A ƙofar fita kawai take. Da ka fita, abin da za a gani shi ne kai kana gudu, ga gawa a bayanka, don likita ya ce da jinin ya ƙare. Tsohuwar ma ta ce ba ta yi niyyar buɗe ƙofa ba, sai da ta ga ka dawo. Malam Sani, me ya mai da kai?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, wani tsoho ne ya yi ta duka na da sanda." Ta ɗauka ruɗewa ce.

Da na koma wajen Sensei na ba shi labari tiryan-tiryan, ina jiran yabo. Bai tambayi yadda na kauce ba, bai tambayi wuƙar ba. Cewa ya yi, "Yaron ya miƙe?" Na ce an ce ya fara zama. Ya ce, "To saura kaɗan." Sannan ya russuna ya dafa ƙirji irin namu, ya miƙo mini tsumman goge shimfiɗa.

Ba zan ce tsoro ya bar ni ba. Har yau in lifta ta lalace sai na yi bisimilla sau ba adadi, kuma shari'ata tana nan gaban alƙali, ba a yanke ba. Amma tana nan da ranta.

Hadiza ce ta ƙarshe da na gaya wa. Ranar Juma'a ta kira ta bidiyo, Nana tana ta leƙe tana ce mini Baban waya. Ta ce, "Yau ina hular? Kullum Juma'a kana sa mana ita."

Na ba ta labari duka, ban rage komai ba. Ta share ido da bakin mayafi.

"Da sun harbe ka fa?"

Na ce, "Da na gudu, da ba za ki taɓa jin an ce ki shirya ki taho ba."

Ta ja Nana ta zaunar a cinya. Can ta ce, "Zan ɗinka maka wata. Amma ba zan ba kowa saƙo ba, da hannuna zan kawo maka."